Daga Gado Mai Rumfa Zuwa Gidan Sauro: Tarihin Ƙyallen da Muke Kwana a Ƙarƙashinsa

In ka tashi a gidan da akwai tsohuwa, da wuya a ce ba ka taɓa ganin gado mai rumfa ba. Gadon ƙarfe ne mai ginshiƙai huɗu da suka miƙe sama, aka haɗa kawunansu da sanduna, sannan aka yafa masa leshi ko wani yadi shara-shara ya zubo ta gefe-gefe. A zamanin iyayenmu, in an je jeren amarya shi ake fara kafawa, kafin a bi bango da kwalla da tasoshi. Na kakata sai mun taka akwati muke iya hawansa, don katifa biyu aka ɗora masa. Ba ta taɓa ce mana yadin nan maganin wani abu ba ne. Ado ne, da sirri, da shaidar cewa iyayen amarya sun yi ƙoƙari.

To yanzu ɗaga kai ka dubi gidan sauron da ke rataye a ɗakinka, in akwai. Kusurwa huɗu, rufi a sama, yadi shara-shara ya zubo ta kowane gefe. Siffar ɗaya ce sak. Amma wannan na biyun, a lissafin masana, babu makamin da ya kai shi rage zazzaɓin cizon sauro a Afirka tun shigowar wannan ƙarni. Yadda ƙyalle ya tashi daga kayan ɗaki ya koma magani labari ne mai tsawo, kuma zan ƙarasa da kai a Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, domin a can ne za ka ga abin da gidan sauro yake buƙata kafin ya yi aiki, abin da ba a rubuta a jikin ledarsa ba.

Kafin kowa ya zargi sauro

Ka fara cire wani abu daga ranka. Mutanen da ba don tsoron zazzaɓi suke gudun sauro ba, don barci ne. Zazzaɓin damina kuwa, wani ya ɗora wa rana, wani ya ɗora wa sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa, wani ya ce iska ce, musamman in yaro ya fara jijjiga. Kada ka yi musu dariya. Turawa ma a kan iska suka ɗora laifin, sai dai tasu iskar ta fadama ce mai wari. Sunan maleriya kansa daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa mummunar iska.

Babban makamin gargajiya a ƙasar Hausa hayaƙi ne. Akwai wata ciyawa da ake kira sarakuwar sauro, kuma sunan kaɗai ya ishe ka bayani: yadda mutum yake kauce wa surukarsa a hanya, haka ake sa ran sauro zai kauce wa ɗakin da aka turara da ita. Makiyayi yakan hura wuta da busasshen kashin shanu a gefen garke. Hayaƙi yana korar sauro, wannan gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Wuta takan mutu can tsakar dare, daidai lokacin da sauron da ke ɗauke da cutar ya fi kai farmaki.

Rufin yadi ma ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Hausa na da kalmar sange, wadda har yau ita ce a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram. Bambarawan Mali ma sange suke cewa, Wolof na Senegal su ce sanke. Kalmar da ta yi irin wannan yawo, ai ba jiya abin ya shigo ba. A Gambiya, lokacin da masu bincike suka fara ƙirga gidajen sauro a shekarun 1980, sun tarar Mandinka sun daɗe da sabawa da shi, kuma dalilansu sun haɗa da sirri, da tare ƙura, da ƙwari da ƙazantar da ke faɗowa daga rufin ɗaki.

In ka ja baya sosai za ka ci karo da Herodotus, marubucin tarihi na Girka, fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Ya ba da labarin masuntan fadamar Masar, cewa da rana suna kamun kifi da koma, da dare kuma su lulluɓe makwancinsu da ita su shige ciki. Ni dai ina da shakka a kan labarin yadda ya zo, don idon koma ya fi sauro girma, sai dai in ninka ta suke yi. Amma akwai shaidar da ta fi wannan ƙarfi, kuma a cikin harshe take. Girkawa na kiran sauro konops, makwancin da aka rufe don tare shi kuma konopeion. Kalmar ta ratsa Latin ta shiga harsunan Turai, har ta zama canopy a Ingilishi, wato rumfar da ake yi wa gadon manya ko karagar sarki. A hanya sauron ya faɗi daga cikin ma'anar. A Turai mai sanyi labulen gado ya koma aikin tare sanyi da idon barori, da nuna arziki. Gadon ƙarfe mai ginshiƙai da ya shigo mana ta hanyar kasuwanci zamanin Turawa, har ya zama na amare, jikan wancan ne. Ka ga ke nan rumfar gadon kakata gidan sauro ce da ta manta aikinta.

Shekarar da ƙyalle ya zama magani

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin jinin mara lafiya a Aljeriya. Sai tambaya ta koma, ta ina take shiga jiki? Ranar 20 ga Agusta, 1897, a garin Secunderabad na Indiya, Ronald Ross ya feɗe wani sauro da ya sha jinin mara lafiya, ya ga ƙwayar tana girma a jikin tumbinsa. Ba da jimawa ba masanan Italiya, Giovanni Grassi da abokan aikinsa, suka tabbatar cewa sauro jinsin anofilis ne kaɗai ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum.

Mutane da yawa ba su yarda ba, har cikin likitoci. Don haka a shekarar 1900 aka yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Likitoci biyu daga Landan, Louis Sambon da George Low, suka je Ostia, wata fadama kusa da birnin Rum da ta yi ƙaurin suna wajen zazzaɓi. Suka kafa bukkar katako, aka sa wa ƙofofi da tagogi raga, aka rataya gidan sauro a kan gadaje. Da rana su yi yawonsu, su shaƙi iskar fadamar da ake cewa ita ce cutar, kafin faɗuwar rana su shige ciki su rufe. Ba su sha kwinin ba. Wata uku suka yi a tsakiyar lokacin zazzaɓi, maƙwabtansu na ta kwanciya, su ko ciwon bai taɓa su ba.

Ka lura da shekarar. A ranar 1 ga Janairu na wannan 1900 ɗin ne Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. A 1902 ya mai da hedikwatar Arewa Zungeru, a bakin kogin Kaduna, kudu da Birnin Gwari in ka bi ta Tegina. Wato mulkin mallaka da sanin laifin sauro tare suka iso mana. Baturen da zai fita rangadi ba ya tafiya sai da gadon naɗewa, da gidan sauro, da ƙwayar kwinin ta kullum, da dogon takalmin da yake sawa da yamma don kare ƙafa. Ɗan dakon da ya ɗauko kayan a ka, shi a ƙasa yake kwana a bakin wuta.

Abin bai tsaya a gado ba. Wasu masu bincike biyu na Ingila, Stephens da Christophers, sun duba jinin yara a garuruwan Afirka ta Yamma a wajajen 1900, suka ga akasarinsu na ɗauke da ƙwayar cutar ko da suna wasansu lafiya lau. Shawarar da suka bayar ba ta a yi wa yaran magani ba ce. Cewa suka yi Bature ya nisanci inda yaran suke kwana. A Arewa wannan ya zama ƙa'idar tsara gari: a bar fili mai faɗin yadi 440 (yadin awo, ba na tela ba), kusan mita 400, babu gini, tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ƙarfafa tsarin, a shekarar da hedikwata ta tare a Kaduna. Unguwannin da muke kira GRA a yau, a nan asalinsu yake. Za ka iya cewa wani babban gidan sauro ne aka yi da fili maimakon ƙyalle. Ba kowane Bature ne ya yarda da haka ba fa. William MacGregor, gwamnan Legas a lokacin, likita ne, ya ƙi raba gari, ya fi son a cike fadamu a raba kwinin ga kowa. Ra'ayinsa bai yi rinjaye ba.

Lokacin da aka raina gidan sauro

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga DDT da danginsa, magungunan da in aka fesa a bango suke daɗewa suna kashe ƙwari. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya daga doron ƙasa, kuma dogaronsa kacokan a kan feshi ne. Gidan sauro ya koma tsohon yayi.

Arewacin Najeriya ne ya koya wa duniya darasi biyu a kan wannan. A 1954 aka fara gwajin feshi a yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi. Ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauron garin Ambursa ya daina mutuwa da maganin dieldrin. Wannan ne karon farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya bijire wa maganin ƙwari. Na biyu shi ne aikin Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi tare. An fesa ɗakuna, an raba wa ƙauyuka magani gaba ɗaya, an yi ta auna jini ana ƙirga sauro. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake ficewa. Ka riƙe wannan maganar ta waje, za mu dawo kanta.

Kai ne abincin tarkon

Gidan sauro na zallar ƙyalle yana da rauni biyu da duk wanda ya kwana a cikinsa ya sani. In ya huje, sauro zai yi ta lalube har ya sami ƙofar. In kuma hannunka ko gwiwarka ta jingina da shi cikin barci, ta waje zai cije ka. A 1973 masana a cibiyar Rothamsted ta Ingila suka fito da sinadarin fametirin, kwaikwayon wani guba da ke cikin furen da ake nomawa a Kenya don maganin ƙwari. Yana kashe sauro nan take, amma ɗan abin da ake sawa a ƙyalle ba ya cutar da mutum. A farkon shekarun 1980, a wata tashar gwaji kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, aka tsoma gidajen sauro a cikinsa. Da gangan aka huda wasu. Sai aka ga hujajjen ma yana rage cizo, kuma sauro na mutuwa.

Nan ne aikin ƙyallen ya sauya gaba ɗaya, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni. Macen sauro ce ke cizo, don tana buƙatar jini ta yi ƙwai. Tana gano ka ta iskar da kake fitarwa in ka yi numfashi, da warin fata, da ɗumin jiki. Duk waɗannan suna ratsa ƙyalle. To tana biyo su sai ta sauka a kan zare mai guba. Wato ba ɓuya kawai ka yi ba, kai ne abincin da aka sa a tarko. Masu bincike a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun ɗauki hoton zirga-zirgar sauro a cikin duhu da kyamarori na musamman, suka wallafa a 2015 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na shawaginsa a saman rufin gidan sauron yake, daidai saitin jikin mai barci, saboda iska mai ɗumi sama take tashi. Don haka in za ka ɗinke huji, fara da na rufin.

Akwai kuma lissafin kwanaki. Sauron da ya sha jinin mai cutar yau ba zai iya harba wa wani gobe ba. Ƙwayar na buƙatar kwana goma zuwa mako biyu tana girma a cikinsa kafin ta isa yawunsa. A tsawon wannan lokaci sauron na fita neman jini duk bayan kwana biyu ko uku. In kowace fita tana iya zama ajalinsa, kaɗan ne za su tsufa har su zama haɗari. Shi ya sa in akasarin gidajen ƙauye suna kwana a cikin gidan sauro mai magani, har wanda ba shi da shi yakan ci albarkacin maƙwabta.

Manyan gwaje-gwaje na shekarun 1990 sun nuna abin a fili. Mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 25 cikin 100 a Gambiya, kashi 17 a Navrongo ta arewacin Gana, kashi 33 a Kilifi ta Kenya. A Burkina Faso ma labule aka tsoma a maganin aka rataya a ƙofofi da tagogi, shi ma ya rage. Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin cewa zuwa 2005 kashi 60 cikin 100 na yara ƙanana da masu ciki za su riƙa kwana a cikin gidan sauro mai magani. Daga wannan rana aka samo Ranar Maleriya da ake yi duk shekara.

Alkawarin bai cika ba. A 2008 gidaje 8 ne kawai cikin 100 a Najeriya suke da ko da guda ɗaya. Sayar da shi ake yi, kuma sai an riƙa sake tsoma shi a magani duk bayan 'yan watanni, abin da kusan babu mai yi. Abu biyu suka warware matsalar. Kamfanoni suka gano yadda za a sa maganin a jikin zaren tun daga masaƙa, ya yi shekara uku ko wanki ashirin yana aiki. Kamfanin Sumitomo na Japan ya yi Olyset, aka fara saƙa shi a Arusha ta Tanzaniya a 2003. Sannan a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a raba shi kyauta ga kowa. Kano na cikin jihohin da aka fara babban rabo a 2009. Zuwa 2010 adadin gidajen ya kai 42 cikin 100, a 2015 ya kai 69, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce kan gaba wajen mallaka. Yaran da ake samu da ƙwayar cutar a jini sun sauko daga kashi 42 a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. Wani nazari da masanan Jami'ar Oxford suka jagoranta ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan aikin gidan sauro ne.

Duk da haka, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna Najeriya ita kaɗai ke da kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa a duniya, da kashi 31 na masu mutuwa.

Abin da ledar ba ta faɗa ba

Yanzu mu hau hanyar Birnin Gwari. Ƙasa ce mai albarka: damina daga wajajen Mayu zuwa Oktoba, masara da shinkafa da waken suya, kogin Mariga da rafukansa, madatsar ruwa ta Bagoma, da dajin doka da maje da kaɗanya. A 1936 aka keɓe wani yanki na dajin a matsayin gandun En'e, a 1999 ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Mutane kan ɗauka duhun daji ne ke haifar da sauron zazzaɓi. Ba haka ba ne. Babban sauron maleriya namu ya fi son ƙaramin ruwa da rana ke duka: sawun kofaton shanu, sawun tayar mota, ramin da aka haƙa don yin tubali, gefen fadamar shinkafa. Ramukan haƙar zinare, da yankin ya daɗe da su tun zamanin Turawa, in sun cika da ruwan sama sun zama wurin haihuwarsa. Wani ɗan'uwansa kuma ya fi son ruwa mai ciyawa da ba ya ƙafewa, irin na bakin madatsa, shi ya sa zazzaɓi ba ya yankewa ko bayan ɗaukewar damina. Wato sauron yana bin mutum da shanunsa da diga da shebur ɗinsa ne.

A wuri irin wannan gidan sauro ya kamata ya fi yin aiki. Sai dai ka tsaya ka lissafa abin da yake ɗauka cewa kana da shi. Yana ɗauka kana da ɗaki mai rufi. Yana ɗauka akwai inda za ka ɗaura igiya huɗu, da katifa ko tabarmar da za ka cusa bakinsa a ƙarƙashi. Yana ɗauka a nan za ka kwana yau, da gobe, da jibi. Sannan yana ɗauka cewa daga wajen ƙarfe goma na dare zuwa asuba babu abin da zai tashe ka da gudu.

Fiye da shekara goma wannan sharaɗi na ƙarshe ya gagari ƙauyuka da dama na Birnin Gwari. Dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a hari ɗaya a Gwaska. Wanda ya ji labarin irin wannan a ƙauyen maƙwabta ba ya kwana a ɗaki. Yana magariba zai kwashi iyali su shige gona ko ƙarƙashin duhuwa, da asuba su dawo. Uwa ba za ta so ta naɗe kanta da jariri cikin ƙyallen da zai harɗe ta in gudu ya kama ba, kuma farin abu a tsakiyar gona da dare talla ce. Masu gudun hijira da suka cika azuzuwan makaranta ko soron 'yan'uwa a cikin gari, mutum goma sha a ɗaki ɗaya, ina za a rataya na wa? Waɗanda aka yi garkuwa da su kuwa makonni suke yi a ƙasan bishiya a tsakiyar damina. Ka ƙara da mai haƙar zinare da ke kwana a bakin rami, da ɗan sintiri da ke tsaye har gari ya waye. Ka tuna sauron Garki da ke ficewa waje? A nan mutanen ne suka fita suka same shi.

Ba yau ƙasar ta fara ganin haka ba. A rabin ƙarni na 19 na biyu hare-haren Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kwantagora sun tarwatsa garuruwan Gwari da Kamuku, mutane suka hau duwatsu. Bambancin shi ne a wancan lokaci babu wanda ke da maganin zazzaɓin. Yanzu akwai, yana cikin leda a ƙasan akwati.

Shi kansa rabon yana buƙatar zaman lafiya. Tsarinsa shi ne ma'aikata su bi gida-gida su ƙirga mutane, gidan sauro ɗaya ga mutum biyu, sannan a kai kaya, a sake zagayowa bayan shekara uku. Wanda ya bar ƙauyensa ba ya cikin lissafin can, kuma da wuya ya shiga na inda ya sauka. Ma'aikacin lafiya na karkara a kan babur yake yawo, da waya yake aika rahoto. A ƙarshen 2021 gwamnatin jihar ta hana hawa babur ta kuma sa aka katse layukan waya na wani lokaci a yankunan da rikicin ya shafa, don ta matsa wa 'yan bindiga. Ko me ka ɗauka game da matakin, ba su kaɗai ya shafa ba. Shi ya sa in na ji ana cewa mutanen ƙauye ba su waye ba, suna shinge lambu da gidan sauro ko suna kamun kifi da shi kamar masuntan Herodotus, nakan ce a fara tambaya tukuna: tsoho ne da ya gama aiki, ko sabo? Kuma a ina mai shi ya kwana jiya?

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar dabbobi da ta yi shekaru a rufe, mutane suka fara komawa gonaki. Mai komawa yakan tarar rufi ya zube, gidan sauronsa kuma ya wuce shekarunsa uku. Sauron ma ba wanda ya bari ba ne. Masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu sun nuna tun wajajen 2014 cewa sauron yankunan noman rani irin su Auyo da Bunkure ya bijire wa dangin fametirin sosai. Labarin Ambursa ne ya maimaita kansa. Saboda haka a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabon gidan sauro mai magani iri biyu, wanda na biyun ba jijiya yake bugawa ba, hanyar samar da ƙarfi a jikin sauron yake toshewa. In ana rabo a garinku, ba laifi ka tambaya wane iri ne.

Ga wanda ba ya kwana a gado kuwa, masana sun fara bin sa da ƙyallen. A sansanonin 'yan gudun hijirar Afganistan a Pakistan, a shekarun 1990, an tsoma mayafai da zannuwan rufa a fametirin, zazzaɓi ya ragu a tsakanin yara. A dazukan Kambodiya da Biyetnam ana raba wa masu shiga daji lilon kwana mai haɗe da gidan sauronsa, a ɗaura tsakanin bishiya biyu. A yammacin Yuganda an gwada zanin goyo mai magani, aka wallafa a 2025 cewa zazzaɓin jarirai ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Na ga wannan na ƙarshen ya fi dacewa da mu, don macen da ta kwana a gona ba za ta manta zanin goyo a gida ba.

Wanda ake raba mana dai har yanzu mai kusurwa huɗu ne, an ɗinka shi don gadon da ke da inda za a ɗaura. Gadajen katako na amaren yanzu faɗi gare su, ga madubi, ga fitilu, amma babu ginshiƙi ko ɗaya, sai dai a buga ƙusa a bangon siminti ko a ja igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙofa. Gadon kakata kuwa, da sandunansa huɗu a sama, kamar don wannan aikin aka ƙera shi. Bayan rasuwarta aka kwance shi aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.